Sallar da Goggo Ta Yi a Garin Taɓo

Tun da muka dawo ban huta ba. Duk wadda ta shigo shagon maganin da nake aiki a unguwar Utaibiyya, nan Makka, kafin ta miƙo takardar likita sai ta rage murya ta ce, "Sa'a, wai da gaske ne Goggonku ta yi salla a ɗakin ibadar Yahudawa?" Labarin ya zaga unguwar Mansur kaf, har ya yi 'ya'ya. Jiya wata ta rantse mini cewa limanci ma Goggo ta yi musu. To na gaji da maimaitawa. Ga shi nan a rubuce, duk mai tambaya sai in tura mata.

Goggo Rakiya yayar babanmu ce. A unguwar Tandabawi aka haife ta, nan Makka, kakanta ne ya tako daga Kano da ƙafa. Shekara arba'in tana sayar da abinci a Mansur, zaune a 'yar kujera, har gwiwoyinta suka ce ba da su ba. Likita ya ce aiki za a yi, Goggo ta ce ba mai sa mata wuƙa tana numfashi. Sai wata Balarabiya maƙwabciyarmu ta kawo labarin wani ƙaramin gari a Sulobakiya inda ake lulluɓe mutum da taɓo mai zafi, ya shiga a keken guragu ya fito da ƙafarsa. 'Ya'yan Goggo maza suka yi taro, kowa ya baje uzurinsa, sannan duk suka juyo suna kallona, don ni ce mai Turanci, kuma ni ce marar miji.

"Taɓo?" in ji Goggo. "Taɓon da kakanmu ya baro a Jakara shi zan hau jirgi in nemo?" Amma ta haɗa kaya tun saura sati biyu.

Daga Jidda muka tashi, muka canja jirgi a Istambul, muka sauka Biyana, babban birnin ƙasar da ke maƙwabtaka da Sulobakiya. A nan aka fara. Wani kare mai riga ya zo ya zauna a gaban akwatin Goggo kamar an aiko shi. Goggo ta tattare abayarta tana, "Ki gaya musu su janye shi, da alwalata!" Ma'aikacin ya buɗe akwati, ya ci karo da kuka da yaji, ya wuce. Ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya taku biyu, ya tambaye ni ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na ce 'ya'yan itace ne. Ya kira abokinsa, shi ma ya shinshina ya koma inda ya fito. Daddawa dai ta tsira don ba wanda ya yarda ya sake taɓa ta. Kilishi kuwa suka ƙwace, wai ba a shiga da nama.

"Ki ce masa ya ci da albasa," in ji Goggo. "Ya fi daɗi."

Wani ɗan Siriya ne ya ɗauke mu a mota. Goggo ta fito da fasfo ta riƙe a hannu, ta gyara fuska irin ta hoto, tana jiran iyaka. Muka yi ta tafiya cikin gonaki. Can ta tambayi direban saura yaya, ya ce ai tuni mun wuce. Ba shinge, ba soja, ba mai leƙo kai ta taga. Goggo ta ce, "Ƙasa guda ba mai tambayarka takarda? Daga Jidda zuwa gida ma sai an tsayar da kai. Waɗannan mutanen ba su da abin sata ne?"

Sunan garin ba zan iya rubuta muku shi ba, baƙaƙe ne jere babu wasali. Goggo ta raɗa masa Garin Taɓo, muka bar shi a haka.

Masaukin tsaf-tsaf, amma banɗaki babu abin tsarki, takarda kawai. Aikina na farko a Turai shi ne huda murfin gorar ruwa. Abinci kuma kabeji da dankali, gobe dankali da kabeji. Duk abin da aka ajiye sai Goggo ta ce in tambaya ko da alade, har tuffa. Ta koma kifi dafaffe tana barbaɗa masa yaji. Wani tsohon Bajamushe da ke teburin kusa ya roƙi kaɗan, ta zuba masa da cokali, ya lasa, fuskarsa ta koma kalar tumatir, hawaye har cikin kwano. Washegari ya dawo da 'yar kwalbarsa.

Abin da ya fi damun Goggo shi ne rashin gaisuwa. A Mansur kafin ki kai bakin layi kin amsa lafiyar mutum goma. A can ki shiga na'urar hawa bene da mutum, ya kafa wa bango ido kamar an yi masa rasuwa. Karnuka ne kawai ake wa magana.

Taɓon kuwa baƙi ne, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sukan shafe ta da shi, su naɗe ta da farin ƙyalle har wuya, su bar ta kwance. "Sa'a," in ji ta, "sun yi mini likkafani tun da raina. In na cika a nan, kar ki bari su sake wanka, wannan ya isa." Amma a kwana na takwas ta sauko daga bene ba ta riƙe ni ba. Likitan wurin ya ce kullum ta yi tattaki da yamma.

A irin wannan tattakin ne muka yi nisa, la'asar ta same mu a tsohon gari. Muna shan kwana sai ga wani gini mai ƙubba, tagoginsa masu baka irin na tsohon Harami, bangonsa ratsi-ratsi ja da rawaya. Ƙofa a buɗe.

"Allahu akbar!" in ji Goggo. "Ashe da masallaci suke ɓoye mana."

Ta tuɓe takalmi ta shige. Ciki babu darduma ko ɗaya, sai kujeru jingine da bango. Ta girgiza kai ta ce Musulmin garin nan ba su da himma. A gaba akwai wani lungu mai ado kamar na liman. Na duba alƙibla a waya, ta nuna kusan can ɗin, sai ɗan karkatawa kaɗan. Goggo ta ja kujera ta tayar da salla a zaune. Ni ina hutun salla, sai na tsaya ina kalle-kalle. Rubutun da ke saman lungun ba Larabci ba ne. Na ɗaga kai, a tsakiyar ƙubbar ga tauraro mai tsini shida.

Sai na gane ɗakin ibadar Yahudawa ne. Kafin in motsa, wata farar tsohuwa mai gajeren gashi ta fito daga ɗakin gefe da tsumman goge-goge a hannu. Ta dube ni, ta dubi Goggo tana ruku'u, ta ɗora yatsa a leɓe. Muka tsaya ni da ita kamar masu gadi har Goggo ta sallame, ta ja tasbaha, ta shafa.

"Matar liman ce?" Goggo ta tambaye ni. "Ki gaya mata a sayi darduma."

Na gaya mata inda muke. Ban taɓa sanin gwiwar Goggo ta warke haka ba. Kafin in ɗauko jakata tana waje, takalmi a hannu, tana a'uziyya. Muna isa masauki ta sake alwala ta rama sallar, ta sa na kira mata malaminta a Mansur. Ya tambaya ko wurin da tsarki, ko akwai gumaka. Na ce tsaf yake, babu gunki. Ya ce salla ta yi. Goggo ta ce wannan malamin dama tun yana yaro yake da sassauci.

Da safe ta nemi tasbaharta ta rasa. Ta mahaifiyarta ce. Ta ce in je in karɓo, na ce ba ni kaɗai ba, wadda ta yi salla ita ke da sanayya a wurin. Haka muka koma tana ƙunƙuni.

Tsohuwar tana jiranmu da tasbahar a naɗe cikin farin hankici. Sunanta Marta, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tana jin Turanci daidai gwargwado. Goggo ta karɓa ta ce in yi mata godiya, sannan daga bakin ƙofa ta ce, "Tambaye ta, ita Bayahudiya ce?"

Malama Marta ta ce a'a, Kirista ce. Ta ce babu Bayahude ko ɗaya a garin.

"To ina masu wurin?"

Ta ce mu shigo mu zauna, amsar ba ta tsaye ba ce. Goggo ta shiga da ƙafar hagu, don kar a ce.

Ta ce Yahudawan sun zo garin tun zamanin kakannin kakanni, suna fataucin fata da yadi, mai ƙasar ya ba su layi ɗaya a bayan kasuwa. A hankali suka yi yawa. Cikinsu akwai majema, da teloli, da mai gidan burodi, da 'yan masu kuɗi kaɗan, da talakawa tuli masu tallar allura da zare ƙauye-ƙauye. Likitan da ya fara gina ɗakunan taɓon nan ma nasu ne. Da suka samu sarari suka rushe tsohon ɗakin ibadarsu na katako suka gina wannan, suka zaɓi fasalin gine-ginen Larabawa don a lokacin shi ake yayi, kuma don yana tuna musu gabas. Lungun nan Ƙudus yake kallo.

"Alƙiblar farko," in ji Goggo. "Ka ji dalili. Ni na san ban yi ɓatan kai sosai ba."

Malama Marta ta nuna mana benen da mata ke zama daban da maza. Ta kai mu ƙasa ta nuna ramin da suke wankan tsarki. Ta ce ba sa cin alade, sai mahaucinsu ya yanka da sunan Allah, suna yi wa 'ya'yansu kaciya, matan aure suna rufe kai. Ina fassarawa Goggo tana lissafi da yatsu. Ta ce, "Ke, da waɗannan ne a garin da tuni na ci nama."

Na san abin da wasunku ke cewa a rai. Mu ma muna kallon labarai, kuma Goggo ba ta ɓoye abin da ke zuciyarta game da Falasɗinu ba, ta ce in faɗa wa matar, na faɗa. Malama Marta ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ma tana kallo. Ta ce ita dai mutanen layin nan ta sani. Sai ta buɗe ƙofar ɗakin gefe.

Bango huɗu, sunaye daga sama har ƙasa, kowanne da shekarunsa a gefe.

Ta ce lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin bai zo rana ɗaya ba. Gwamnatin ƙasar ta bi bayan Jamus, aka fara da doka. Aka karɓe shagunansu aka ba maƙwabta. Aka kori 'ya'yansu daga makaranta. Aka sa su ɗinka tauraro rawaya a ƙirji. Aka kafa allo a ƙofar gidan taɓon cewa ba sa shiga, har da jikokin likitan da ya gina shi. Sannan aka kwashi 'yanmata aka ce aiki za su je. Bayan su samari. Daga ƙarshe aka ce kowane gida ya haɗa jaka ɗaya, aka tara su a nan inda muke zaune, kwana biyu, tsofaffi da masu goyo, aka kai su tashar jirgin ƙasa aka cusa su a taragon shanu zuwa ƙasar Folan. A can aka ware masu ƙarfi, sauran aka rufe su a ɗaki aka sakar musu iska mai guba. Ta ce masu gadin da suka fitar da su daga gida ba baƙi ba ne, 'yan garin ne, wasu tare suka yi makaranta. Waɗanda suka dawo ba su cika benci biyu ba, kuma ba wanda ya zauna. Ginin ya zama rumbun hatsi, daga baya ma'ajiyar kujeru. Ita ce ta yi shekaru tana bin tsofaffin rajistar makaranta da duwatsun maƙabarta tana haɗa sunayen.

Goggo ta ce in karanta mata. Na fara daga daidai idona: Ibrahim, Saratu, Ishaƙu, Maryamu, Dauda, Hannatu, Yakubu, Rahila.

"Tsaya. Fassara kike yi ko haka suke?"

"Haka suke, Goggo. Lafazin ne kawai ya bambanta."

"Wannan ai mutanen layinmu ne." Ta sa yatsa a kan wani suna can ƙasa. "Wannan fa, me ya sa lambarsa ɗaya?"

Na ce shekararta ke nan. Goggo ba ta janye yatsan ba har na ƙosa.

Da muka koma kan kujeru, Malama Marta ta zuba mana shayi. Goggo, wadda har tuffa take bincike, ta shanye ba tambaya. Ta ajiye kofi ta ce, "Tambaye ta, ubanta yana ina ranar da aka kwashe su?"

"Goggo, ba a irin wannan tambayar."

"Ni na yi. Fassara."

Na fassara ina kallon ƙasa. Malama Marta ta ce baƙi da yawa sun zo, ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta ce ubanta yana da keken doki. Shi aka ɗauka ya kai tsofaffin da ba sa iya tafiya tasha, sawu bayan sawu. Da aka yi gwanjon gidajen ya samu na wani bajemi, a cikinsa aka haife ta. Bayan yaƙi ƙaramin ɗan bajemin ya dawo shi kaɗai, fata da ƙashi, ya tsaya a ƙofar. Mahaifiyarta ba ta buɗe ba, ta miƙa masa ruwa ta taga. Ya sha, ya tsaya yana kallon labulen tagar, wanda uwarsa ta ɗinka, ya ajiye kofin ya tafi. Sai da mahaifiyar ta zo gargara ta ba ta wannan labarin.

"Ruwa ta taga!" Goggo ta buga cinya. "A gidan ubansa! Wallahi da a Makka ne..." Na jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba.

Sauran kwanakinmu kullum da yamma can take tattakinta. Ba sa buƙatata ma. Goggo na Hausa, Malama Marta na yarenta, kowa na gyaɗa kai. Ranar ƙarshe Goggo ta ba ta daddawar da ta rage. Matar kirki, ta karɓa da hannu biyu, ba ta ko yamutsa fuska ba.

A jirgin dawowa, bayan an kwashe kwanukan abincin rana, Goggo ta ce, "Kin tuna Ai 'yar Damagaram?"

Na ce sama-sama. Mai fura ce a tsohon layinmu na Tandabawi, ina ƙarama ta ɓace.

"Ba ɓacewa ta yi ba. Kama ta aka yi a hanyar kasuwa, ba ta da iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da ita ƙasarsu da kayan jikinta. Daga inda aka tsare su ta aiko mini, ta ce in riƙe mata akwatinta za ta turo a karɓa." Ta juya tasbaha. "Ba wanda ya zo. Da aka rushe layin muka koma Utaibiyya, na tafi da shi. Zannuwan ciki na ɗaura biyu, na ba da uku gudummawar biki. Tukunyarta tana kicin ɗina. Shekara goma sha bakwai, Sa'a. 'Yan Damagaram nawa ne suka ci abinci a gabana? Ban tambayi ko ɗaya ba, don kar a ce mini ga inda take."

Na ce ai ba ɗaya ba ne, Goggo.

"Na san ba ɗaya ba ne, ai ba a kashe ta ba. Shi ya sa ni ba ni da uzuri. Waccan matar bango kawai ya rage mata."

Neman Ai bai ɗauki sati ba, abin kunya. Wani magini a Mansur ya san mai shago, mai shago ya san jikanta. Ranar Juma'a bayan an sauko aka haɗa mu a waya. Ai tana da rai, idanunta ne suka tafi. Goggo ta yi sallama da wata 'yar siririyar murya da ban san tana da ita ba.

"Wace Rakiya?" in ji muryar can. "Rakiya mai rowar miya? Ke ba ki mutu ba? Shekara goma ina sa ki a addu'ar mamata! Ki dawo mini da addu'ata!"

Suka yi dariya, suka yi kuka, suka zagi juna. Goggo ta fara lissafa zannuwan da ta ci, Ai ta katse ta.

"Bar zancen zane, makauniya me za ta yi da atamfa? Tukunyar ma ki riƙe. Ki duba ƙasan akwatin, akwai wata 'yar riga a cikin leda?"

Na jawo akwatin na zazzage. Tana nan, 'yar farar jallabiya ta ɗan shekara uku, wuyanta ya yi rawaya.

"Ta ɗana Habibu ce," in ji Ai. "Shi yana nan wurinku a maƙabarta, ba zan ƙara zuwa inda yake ba. Ita kaɗai nake so. Kar ki wanke."

Goggo ta karɓi rigar daga hannuna ta shimfiɗa a cinyarta. Ta ce da Ai akwai masu umara da za su koma ranar Talata, za ta ba su su kai mata. Sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta dube ni.

"Shekara goma sha bakwai ina ɗaga ledar nan ina ajiyewa," in ji ta. "Na ɗauka tsumma ne."